Ranar da Na Kira Abbana Kawu

Tsibirin Jinjira,
Talata, bayan azahar.

Zuwa ga Dildora, hasken idona, sanyin ƙirjina, furen rumman na birnin Bukhara, ruwan farko da ke sauka a ƙasar da ta gaji da jira!

Aminci ya tabbata a gare ki. Ban sani ba ko har yanzu ina da bakin kiran ki da waɗannan sunaye. Na rubuta su kamar ɓarawon da ya dawo gidan da ya yi sata yana sallama. Yau kwana goma sha ɗaya ba ki ce mini uffan ba. Saura kwana tara zangon karatunki a ƙasarmu ya ƙare, jirgi ya ɗauke ki ya mayar wa mutanenku. Ya za a yi in bar ki ki tafi da wannan hoton nawa a zuciyarki? Ya kuma za a yi in ce ki goge shi, alhali ba ƙarya idonki ya gani ba?

Kin tuna makonki na farko a jami'armu ta Chittagong, da aka ɗora mini aikin zagayawa da ku baƙin ɗalibai? Ruwa ya tsare mu a matakalar ɗakin karatu, ɗigo yana bin gefen mayafinki kamar ƙwayoyin lu'ulu'u. Kika ciro waya kika nuna mini wani dattijo a bakin tanderun burodi, hannuwansa duk tabon ƙuna. Kika ce, "Babana ke nan. Shekara talatin yana cusa hannu a wuta don mu ci." Fuskarki tana walƙiya kamar sarki kike nuna mini. A wannan lokacin na kamu da sonki, Dildora, kuma a wannan lokacin na fara cin amanarki. Da kika ce, "Kai fa, me babanka yake yi?" sai na kau da kai na ce, "Harkar sufuri."

Harkar sufuri! Allah ya yafe mini.

Ba don in wanke kaina ba, amma ki san daga inda abin ya faro. Shekarar da na shigo jami'a, harshena na tsibiri ne, jakata tana ƙamshin busasshen kifin da Umma ta ƙunsa mini. 'Yan ɗakinmu suka laƙaba mini suna Busasshe, in na buɗe baki su kwaikwaye ni har da riƙe ciki. Na canza ɗaki, na canza harshe, na canza gari. Na zama ɗan birni da ƙarfi da yaji, har na fara yarda da kaina.

Shi ya sa ranar da ake zaɓen inda za a je yawon ƙarshen zango na dage a kan gonakin shayi na kan duwatsu. Amma Pemba, wannan ɗan Nepal mai surutun tsiya, ya buga tebur ya ce, "Malam, duwatsu sun ishe ni, a cikinsu aka haife ni! Teku ko a fasa!" Ke ma kika ɗaga hannu, kina cewa ba ki taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba. Sai Ishrak, abokin nan nawa ɗan masu hali na Dhaka, ya ce Jinjira, tsibirin da aka haife ni. Aka yi tafi. Ni ma na tafa. Ban kira gida ba. Hula na saya da baƙin tabarau, ina raya wa kaina wai yini ɗaya ne, zai wuce.

Kai, amma wace irin safiya ce wannan! Jirgin ruwa ya baro tashar Teknaf yana keta kogi, fararen tsuntsayen teku suna bin mu suna cafe abinci daga hannunku, Pemba yana ihu duk lokacin da baki ya taɓa yatsansa. Da kogi ya buɗe ya zama teku, ruwan ƙasa-ƙasa ya rikiɗe ya koma kore, koren ya koma shuɗi, sai kika riƙe ƙarfen jirgin da hannu biyu kika ce, "Absar, ashe shuɗi ma yana da yayye da ƙanne?" Wa ya taɓa faɗin magana irin wannan? An haife ni a bakin wannan ruwan, amma sai a idonki na fara ganin sa. Na so jirgin ya yi ta tafiya har abada, kada ya tsaya.

Ya tsaya.

A ƙarshen gadar sauka masu keke sun jeru kamar kullum, kowa da kekensa mai ƙafa uku da katakon zama a baya. Ishrak ya ɗaga hannu ya yafito ɗaya. Cikin mutum arba'in, Dildora, cikin arba'in! Dattijon ya miƙe, siriri, da zanen lungi ɗaure a ƙugu da jan tawul a kafaɗa. Hula da tabarau ba sa ɓoye ɗa daga idon uba. Na ga fuskarsa ta washe kamar an buɗe taga. Na ga leɓensa ya shirya faɗin sunana. Sai na riga shi. Na yi masa magana da harshen birni, da sunan da kowa ke kiran kowane mai keke:

"Kawu, bakin teku na yamma za ka kai mu."

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana kallo na ba. Ku a wurinku ƙiftawar ido ce. Ya dubi takalmina, ya dubi abokaina, ya dube ki. Wani mai keke a gefe ya taso yana cewa, "Kala Miya, ai wannan kamar ɗanka Ab..." Sai Abba ya katse shi, "Kama ce kawai." Ya kaɗe katakon da tawul ɗinsa, ya ce da ni, "To, ranka ya daɗe. Ku hau."

Ranka ya daɗe. Mutumin da ya goya ni a wuyansa cikin ambaliya, ruwa har ƙirji. Shi ya rufa mini asiri a daidai lokacin da nake binne shi da ransa.

Mu biyar muka hau. Da muka bar hanyar siminti ƙafafun keken suka nutse a yashi. Ya miƙe tsaye a kan feda, jijiyoyin ƙwaurinsa suka fito kamar igiya, keken ya ƙi motsi. Ishrak ya ce, "Kawu, ka karya kuwa yau? Taka mana, rana na dukanmu!" Aka kwashe da dariya. Ki bar ni in rubuta wannan da manyan baƙaƙe a zuciyata: ni ma na yi dariya. Na ji ta tana fita daga bakina kamar haushin kare.

Ke kuwa, ya kurciyata, ya ma'abociyar zuciyar zinariya! Kika dira, kika soke gefen mayafinki, kika kafa kafaɗa a bayan keken. Pemba ya bi ki, sauran suka bi, har Ishrak ya sauka yana gunaguni. Ni kaɗai na rage a zaune, na rungume jakunkuna wai kada su zube. Ina jin numfashin Abba a gabana, numfashin da na san sautinsa tun ina jariri, yana fita da ƙyar yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ke kina tura ni, shi yana ja na. Akwai wani namiji a bayan ƙasa da aka taɓa ɗauka a kan abin kunya irin wannan?

Sauran yinin kowa ya ji daɗinsa. An sha ruwan ɗanyar kwakwa, an ci soyayyen kifi da hannu, ƙaguwa ta cafke babban yatsan Pemba ya yi ta tsalle yana kiran uwarsa da yarensu. Kin tsoma ƙafa a teku, kin ɗanɗana ruwan kin yamutsa fuska, kin tsinci farin koɗi cike da aljihu. Daga nesa na hango ki kin kai wa Abba kwakwa a inuwar da yake jiran mu, kin zauna a gefen keken kina haɗa masa ɗan harshenmu da kika koya a wata huɗu. Sai yanzu Abba ya gaya mini abin da ya faru a wurin. Hotona na ranar shiga jami'a yana ɗaure a ƙarƙashin ƙararrawar keken, cikin leda, shekara uku ke nan. Ya jefa tawul a kai, amma kin riga kin gani. Ya ce kin dube shi, ya dube ki, sai ya ɗora yatsa a leɓensa.

Shi ya sa da aka zo ɗaukar hoton taro kika koma can ƙarshen layi.

A jirgin dawowa kika zo kika ajiye mini ƙunshi a cinya, an naɗe shi da tsohuwar jarida. Ba sai na buɗe ba, hancina ya sani, busasshen kifi ne. Kika ce, "Kawun nan ya ce a ba mai shuɗiyar riga. Wai kana son sa da barkono da yawa." Na kasa ɗaga kai. Kika ce, a hankali, don kada kowa ya ji, "Ina turawa ina ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga, Absar. Kai kuma kana riƙe da jakunkuna. Da ka ce mini shi ne, da hannunsa na sumbata." Kika juya. Da ma mari na kika yi! Da ma cikin tekun kika tunkuɗa ni!

Kwana shida ina yawo a jami'a kamar gawa da takalmi. A na bakwai na tarar da su Ishrak a wurin shan shayi, na tsaya a kansu na faɗa musu komai, da harshen tsibiri, wanda ban furta a harabar jami'a ba tun shekarar farko. Ba kya wurin, kuma gara haka, don kada ki ɗauka don idonki na yi. Ishrak ya ajiye kofi, fuskarsa ta yi fari, ya ce, "Ni na ce wa babanka ya taka? Ka bar ni na faɗa, kana zaune?" Pemba ya kalle ni ya ce, "Kai jaki ne, wallahi. Gidanku na can kusa ka bar mu muka ci kifin kanti?" Ya buge mini ƙeya, ya matsa mini wuri a benci. Abin da na kwashe shekara uku ina tsoro ke nan. Ƙeya ɗaya.

Washegari na kamo hanyar gida. Na samu Abba a wurinsa na kullum. A gaban masu keke duka na zube na kama ƙafafunsa, ƙura da gishiri a bakina. Ya bar ni na yi kukana, sannan ya ce, "Tashi haka nan, kana kore mini fasinja." Da na miƙe sai ya gyara mini wuyan riga, ya ce, "Na ɗauka ko akwai dalili ne. Na ce yaro ya san birni, ni ban sani ba." Ko kalmar faɗa ɗaya babu. Wallahi da bulala ya sa mini, da na fi samun sauƙi.

Amma akwai abin da ban sani ba, kuma shi ne ya ƙarasa ni. Ranar da muka zo, wata maƙwabciya ta gan ni a gada, ta ruga ta gaya wa Umma cewa Absar ya iso da baƙi daga ƙasashen waje. Umma ta yanka agwagwarta, ta dafa shinkafa babbar tukunya, ta aro faranti goma sha biyu gida-gida, ta share tsakar gida sau biyu, ta sa zanenta na salla ta zauna a bakin ƙofa. Tana nan zaune har ta ji jirginmu ya busa ƙahon tashi. Abba ya dawo ya ce mata malamai ne suka hana mu rabuwa da ayari. Ya yi ƙarya ta biyu saboda ni a yini ɗaya, mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba.

Na zaunar da ita na gaya mata gaskiya. Ta saurara har ƙarshe tana tsince tsakuwa a shinkafa, hannunta bai tsaya ba. Sai da na kai wurin da kika dira daga keken ta ɗago. Ta ce, "Yarinya baƙuwa? Ta tura keken ubanka?" Na ce e. Ta ce, "'Yar gidan mutunci ce wannan. Kai kuma ban san wa ya haife ka ranar ba." Yini biyu ba ta yi mini magana ba. Jiya ta zuba mini abinci ta turo da ƙafa, na san an fara yafewa.

Ya Dildora, ya tauraruwar da ta fi ƙarfin sararina, ban zo roƙon ki so ni ba. Da wane baki? Wanda kika fara so ɗan mai harkar sufuri ne, kuma babu shi. Wanda ya rage baƙin yaro ne ɗan tsibiri, mai warin kifi, matsoraci, wanda ya san yanzu iyakar munin da zai iya. Amma wannan matsoracin yana son ki kamar yadda gaɓa ke son igiyar ruwa, ta zo ta tafi, ita tana nan. Na yi miki alkawari, na kuma yi wa Allah: ba zan ƙara sunkuyar da kai don wanda ya ɗaga ni ba. In kin tafi Bukhara ba ki waiwayo ba, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan buɗe wa wata ƙofar da kika fita ta cikinta ba, ko da furfura ta rufe ni.

Abu ɗaya nake roƙo, shi ma ba nawa ba ne, saƙo ne. Umma ta mayar wa maƙwabta farantansu, amma ta riƙe ɗaya, mai zanen furanni a gefe. Matar da ta ara mata ta aiko sau biyu. Umma ta ce a gaya mata ta yi haƙuri, akwai baƙuwar da ba ta ci ba tukuna. Jirgi yana isowa kullum da tsakar rana. In ba kya son gani na, zan tafi can kudancin tsibiri in zauna har ki tafi. Ki zo don ita.

Naki har numfashin ƙarshe, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,

Nurul Absar,
ɗan Kala Miya mai keke.