Ledojin da Yaya ya farke

Mama,

Jiya Yaya ya ce in liƙe ledojin busasshen abincin nan da wutar kyandir, a sayar wa ɗaliban da za su kwana a daji. Na ƙi. Abincin da aka yi don ya shekara ashirin a rufe, shi ya farfarke, wai masu saye su gani da idonsu. Iska ta shiga, duk ya yi fumfuna, wari kamar jiƙaƙƙiyar safa. Na shanye zaginsa tas, har da "'yar boko sarkin iyayi".

Kwalin abincin da na ɗauko daga shago yana bayan ƙofar kicin, kada yara su taɓa.

Yaya ya karɓe makullin, ya ce ba ni ba shagonsa. Na fita neman wani aikin.