A Fito wa Safiya da Taswirarta daga Kabad

Zuwa ga Malam Shugaban Makarantar Firamaren garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Ka yi mini afuwa, Malam. Na san bai dace yarinya kamata ta rubuto maka a bainar jama'a ba. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinka, kunya tana mayar da ni.

Ni tsohuwar ɗalibarka ce, yanzu ina sakandare a Gwarzo. Ƙanwata Safiya tana ajin yara masu buƙata ta musamman. Likita ya ce larurar otizim, wato galahanga, gare ta. Ba ta cika magana ba, ba ta kuma da ƙawa sai ni.

Na farko. Bara malamar da ta zo bautar ƙasa ta koya musu zana taswira a kan kwamfutar hannu ta makaranta. Sauran yara suka sa gidajensu da masallaci. Safiya kuwa ta sa jan ɗigo a duk inda ƙara take cutar da kunnenta: injin niƙa, wurin mai walda, tashar masu babur. Ta ja layin hanyar zuwa makaranta mai kauce musu. A nan muka gane abin da ya sa take kwanciya a ƙasa tana kuka duk safiya. Muka riƙa bin layinta, ta bayan gonakin hanyar Getso. Zango guda ba ta yi fashi ba.

Na biyu. Da malamar ta tafi, aka mayar da kwamfutar cikin ledarta aka kulle a kabad, wai kada ta lalace kafin masu duba makarantu su zo.

Na uku. Mako biyar ke nan Safiya ta sake ƙin zuwa makaranta. Akwai wata sabuwar ƙara a hanya, ban san wacce ce ba. Na bi hanyar ni kaɗai ina saurare, ban ji komai ba. Na ba ta takarda, ta yaga. Ina dawowa da yamma in same ta jikin katanga, tana jan yatsa a ƙasa.

Roƙona, a ba ta kwamfutar ko da rabin awa ne ranar Asabar, ina zaune kusa da ita. Ɗigo ɗaya kawai nake so ta sa mini.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci zuriyarka. Idan ka yarda, zan sake rubutowa in gaya maka inda ta sa shi.

Wassalam.
Yayar Safiya