Kalmomin Mutum a Kwance

Dandenong, Nuwamba 1996

Yaya Paraschiva,

Gaisuwa mai yawa daga ƙarshen duniya, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi, kuma kin rufe mini inabina kafin sanyi ya kama shi. Mu nan zafi ne ke tahowa, komai na Ostareliya a juye yake.

Kada ki yi dariya: ƙaninki ya koma makaranta da furfurarsa. Otilia ce malamar. 'Yar da na koya wa riƙe cokali, yau ita ke ce mini, "Baba, sake faɗa, ba ka iya ba." Har na sa ta gaya mini malama da Turanci don in riƙa tsokanarta, wai teacher. Kullum ta dawo daga aiki sai ta yanka takardu, Turanci a sama, harshenmu a ƙasa, ta liƙa a jikin abin. Bargo da muke cewa pătură, su blanket suke cewa. Ruwa, apă, shi ne water. Na iya gado, matashin kai, magani, ƙararrawa, ciwo, "taimake ni", da "ina jin sanyi".

Na ce mata, "Ke, ki ba ni shebur mana, da iri, da kasuwa, da yadda ake tambayar bas." Ta ce, "A hankali, Baba, waɗannan su ne na farko." Ga tumatir na shuka a bayan gida, ga wani tsoho maƙwabci yana leƙowa ta katanga, sai ɗaga wa juna hannu muke kamar kurame.

Amma ina jin daɗi, Yaya. Tun rasuwar uwarta ba mu zauna haka ba. Ranar da na faɗe su duka ba kuskure, kicin ta shige tana share ido. Ashe yarinyar nan tana alfahari da ni.

Ƙaninki,
Ilarie

Cislău, Disamba 1996

Otilia,

Ina gaishe ki don dai da gaisuwa ake farawa. Ki gaida mijinki Traian.

Ubanki ya rubuto yana ta fankama da Turancinsa. Ina karantawa na koma na zauna, har tuwon masarata ya ƙone a kan wuta. Gado, ƙararrawa, magani, ciwo! Ni na yi jinyar miji, na san kalmomin mutum a kwance. Mai lafiya hanyar kasuwa yake tambaya. Kuma a gidanki wa zai ce wa yana jin sanyi da Turanci? Ke da Traian kun manta harshenmu ne?

Da ƙafarki kika zo nan, kika tsaya a kan kabarin uwarki kika ce ubanki ba zai tsufa a hannun baƙi ba. A kan wannan maganar ya rabar da tumakinsa, ya kulle gidan da aka haife ki. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ba a raina mini hankali. Ina za ki kai shi?

Allah ya shirye ki.

Gwaggonki,
Paraschiva

Dandenong, Janairu 1997

Gwaggo,

Ina sumbatar hannunki, da fatan kin yi Kirsimeti lafiya.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da mu, sun ba Baba ɗaki. Bai gaya miki ya bar gas a kunne ya tafi wurin tumatir ɗinsa ba. Bai gaya miki 'yan sanda sun tsince shi a tashar jirgin ƙasa yana neman jirgin Cislău ba, don shi ma ya manta an yi. Ni ina masana'anta wuni guda, Traian yana kan hanya da babbar mota. Kullum na dawo, da tsoron abin da zan tarar nake sa makulli.

A gidan tsofaffin babu mai jin harshenmu ko mutum ɗaya. Na kasa jure ya ji ƙishirwa ya rasa abin da zai ce. Shi ya sa nake koya masa.

Don Allah kada ki gaya masa, ni zan faɗa da bakina. Ina ta so in faɗa. Da na buɗe baki sai ya gyara tabarau ya ce, "Malama, yau me za mu koya?" Sai in ɗauko almakashi.

Ki yafe mini, Gwaggo.

'Yarki,
Otilia

Dandenong, Maris 1997

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta gargaɗi ta iso, na gode, amma a nan ta same ni, ta makara.

Bari ki ji yadda aka yi da ƙaninki. Ran wata Asabar Otilia ta ce, "Baba, sa kwat ɗinka ta coci, za mu je ka gwada Turancinka." Har aski na yi. Muka shiga wani dogon gida, wata mata mai murmushi ta kai mu wani ɗaki. Ina dubawa sai na ga duk abin da na koya a jere, kamar don ni aka shirya. Na fara nunawa ina faɗa da ƙarfi: ga gado, ga matashin kai, ga ƙararrawa, ga bargo. Matar ta tafa mini. Ni wawa har da rusunawa. Sai na juya zan ga ko Otilia ta ji daɗi, idona ya sauka a kan tebur. Hoton matata ne a kai, an riga an goge shi an kafa. Akwatina yana ƙarƙashin gado.

Na ce, "Otilia, wannan fa?" Ta ce, "Baba, kowace Lahadi zan zo."

Na san kaina ya fara yoyo, Yaya, ba na musu. Da ta zaunar da ni ta ce, "Baba, na gaji, ina tsoro," da harshen da uwarta ta yi mata reno, da na yi kuka na ɗauki akwatina da kaina. Abin da ya ci mini rai shi ne zaman nan da muka yi ta yi. Na ɗauka 'yata ce ta dawo mini, ashe guzuri ake ɗaura mini, ni ina taya ta ɗauri ina murna. An ci amanata, kuma da hannuna.

Kalmomin dai suna aiki, ba laifi. Ina cewa ruwa a kawo. Akwai mai kula da ni, Mele, 'yar tsibirin Tonga, mai dariya kamar gidan nata ne. In Otilia ta zo ranar Lahadi bakina ƙin buɗewa yake. Tumatir ɗin ma ban ga nunarsa ba.

Ki ci gaba da duba inabin.

Ilarie

Afrilu 1997

Otilia,

Ina gaishe ki. Tunda baki ya ƙi, ga hannu.

Jiya Mele tana gyara mini bargo ta tambaye ni, da hannu da ido, wace ce matar nan da ke zuwa ranar Lahadi ta zauna tana kuka. Na so in ba ta amsa. Na bi takardunki ɗaya bayan ɗaya, ga gado, ga ciwo, ga ƙararrawa. Babu 'ya a ciki, ba ki koya mini ba.

Sai na ce mata teacher.

In za ki zo, ki taho mini da hular sanyi. Ki gaida Traian.

Ɗalibinki,
Ilarie