Hoton Sama Ya Haɗa Maigidana da Babana

Assalamu alaikum Hajiya Saude,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma babu wanda zan gaya wa wannan magana a dangi ba tare da ta koma inda ba na so ba.

Ni matar aure ce a Damba, nan Gusau, da 'ya'ya uku. Maigidana mai hoto ne, yana da shago a bakin titi, hoton fasfo da na biki da na suna. Bari in kira shi Malam Mannir, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Shekarun baya wani malamin kimiyya Ba'indiye da Malam yake wanke wa hotuna ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa madubin hangen taurari, wani dogon bututu mai ƙafa uku. Tun daga nan abin ya shiga ransa. Sai da ya sa mai walda ya yi masa zoben da ke haɗa kyamara da bututun. Yana aikawa Kaduna a kawo masa wani fim na musamman, mai kama jan hasken da idon mutum ba ya iya gani. A firij ake ajiye shi. In aka ɗauke wuta sai hankalinsa ya tashi, ya naɗe fim ɗin a leda ya tura shi gindin randa.

A cikin gari fitilu suna disashe taurari, don haka duk ƙarshen wata, in babu farin wata, mukan tafi gidan mahaifiyarsa a wani ƙauye bayan Tsafe. Da farko gaisuwar Inna ce ke kai ni, in kwanta in bar shi a tsakar gida da kayansa. To, shi wannan hoto ba irin na biki ba ne da za a danna a wuce. Sai an bar kyamara a buɗe tsawon lokaci, ga shi taurari tafiya suke yi, dole mutum ya kafa ido kan tauraro guda yana murɗa wani ɗan maɓalli a hankali don kada ya kauce. Shi kuwa idonsa na dama ya fara rauni, ba ya jimawa sai ya cika da hawaye, hoton ya lalace. Rannan na ji yana tsaki, na fito na ce ya kawo in gwada. Ni mai ɗinkin hula ce, hannuna ba ya rawa.

Hajiya, ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Da ido, ɗan hazo-hazo ne kawai ake gani a ƙarƙashin taurarin nan uku da ke jere. Amma da aka wanko hoton daga Kaduna sai ga wani gajimare ja, ya buɗe kamar fure, da taurari a cikinsa. Malam ya ce a cikin irinsa Allah yake halittar sababbin taurari, kuma hasken da muka kama ya baro can tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Na daɗe riƙe da hoton. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, ban taɓa yin wani abu da ya faranta mini rai haka ba. A kakar bara aka yi wannan, bayan damina ta wanke sama.

Ya sa hoton a gilas ya rataye a shago, aka yi watanni ba wanda ya damu da shi. Sai bana da aka fara surutun nan na cewa wai duniya za ta tashi in an shiga shekara ta dubu biyu. Wani mutum ya zo ɗaukar fasfo, ya roƙi kwafi ɗaya, Malam ya ba shi da zuciya ɗaya. Ashe bugawa ya je ya yi da yawa, yana yawo da su tasha yana cewa gajimaren jini ne ya bayyana, alamar tashin duniya, kuma wani mai duba a Damba ne ya gano shi. Yanzu mata har gida suke sallama, wata a duba mata aure, wata haihuwa. Malam ya yi bayani har ya gaji. Wasu masu kawo masa aiki sun janye, a masallaci ma akwai waɗanda suka daina ba shi hannu.

Abin da ya fi ci mini rai, hoton ya kai Bungudu, gidanmu. Gwaggo Delu, yayar Babana, wadda ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, ta gan shi a hannun wata maƙwabciya. Tun ranar ba ta barci, abinci sai an matsa mata, ta rame, ta rarraba kwanoninta, sai kuka da neman gafarar kowa. Baba ya kira Malam ya yi masa faɗa mai zafi. Ya ce bai ba da 'yarsa ga boka ba, in bai rabu da kayan nan kafin azumi ba, to ya dawo masa da ni. Malam bai ce uffan ba, bai kuma ambaci sunana ba. Da ya dawo ya kwance madubin ya sa a kwali, ya ce zai kai Kaduna ya rabu da shi. Tun ranar ba ya doguwar hira.

Ni kuwa ga ni a tsakiya. Hannuna ne ya yi hoton, Malam ne yake shan zagi. In na gaya wa Baba, ina tsoron ya ce har ni ya lalata. In na yi shiru, na bar bawan Allah da kayan da ba nasa kaɗai ba. Kuma gaskiyar da ko shi ban gaya wa ba ita ce, ba na so a rabu da madubin nan. Wani lokaci kuma in ce anya ba son zuciya ba ne, Gwaggo tana kwance ni ina tunanin taurari? Shin laifi muka yi? Yaya zan yi?

Taki,
Mai ɗinkin hula, Damba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki kwantar da hankalinki, ba ku yi laifi ba. Duba daban, kallon halittar Ubangiji daban. Mai duba yana da'awar sanin gaibu ne, ku kuwa hoton abin da ke nan tun fil azal kuka ɗauka, kuma addini ya kwaɗaitar da mu ɗaga kai mu yi tunani a kan sama. Ranar tashin duniya kuwa Allah bai sanar da kowa ba, balle kyamara.

Amma kada ki ga baiken Baba. Yayarsa tana ramewa a gabansa, ana kiran surukinsa boka a kasuwa, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya warware masa. Kishinki da kishin addininsa ne suka sa shi zafi. Maigidanki ma yana da nasa sakaci, da ya rataye abin da mutane ba su saba gani ba babu ko layi ɗaya na bayani a ƙarƙashi. Shirun da ya yi a gaban Baba ladabi ne, sai dai shirun ya sa an ɗauka ya amsa laifi.

Ga abin da nake gani. Ki fara da mijinki, yau ba gobe ba. Ki faɗa masa da bakinki cewa ke ma kina son abin nan, don a zatonsa nauyi yake sauke miki. Kada ki je wa Baba a bayan idonsa. Daga nan ku nemi malamin da Baba yake jin maganarsa a Bungudu, maigidanki ya kai masa hoton da madubin, ya amsa duk tambayar da zai yi. In ya gamsu, shi zai shige muku gaba, kuma kalma biyu daga bakinsa bayan sallar Juma'a za su kashe kasuwar mutumin tasha fiye da duk rantsuwar da za ku yi. A gaban malamin za ki faɗi naki, a taƙaice, cikin ladabi: da mijinki kike, a gidan surukarki, da izininsa.

Gwaggo kuwa ba bayani take buƙata da farko ba, ke take buƙata. Ki je ki kwana biyu wurinta, ki dafa mata abin da take so, a kuma kai ta asibiti, don rashin barci da rama ba a barinsu. In ta ɗan warware, ki gaya mata hoton ya shekara a rataye, an yi shuka an yi girbi, babu abin da ya faru.

Kada a yi gaggawar rabuwa da madubin, ya zauna a kwalinsa har ƙura ta lafa. In bayan duk wannan Baba ya dage, ku yi haƙuri ku jingine shi zuwa wani lokaci. Aure da yardar mahaifi sun fi shi, kuma zuciyar dattijo takan sauko in ta ga an girmama ta.

Abu na ƙarshe. Kin ɓoye suna, amma masu hoton taurari ba su da yawa a Gusau, kuma jarida tana da ƙafa. Gara Baba ya ji daga bakinki da a karanta masa a bakin kasuwa, don haka kada makon nan ya wuce ba ku shiga mota ba.

Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sanyaya zuciyar Baba, ya bar ku tare, ya kai mu azumi lafiya.

Hajiya Saude