Abin da Na Yanke Daga Kalangun Baba

Tudun Wada, Zariya
3 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Yaya Rahma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da su Nana. Na ba direban Funtuwa wannan takarda ne domin idan na ɗauki waya, Baba yana jin komai daga ɗakinsa.

Jikinsa yana nan yadda kika bari. Hannun dama yana aiki, na hagu ko cokali ba ya riƙewa. Shekaranjiya amininsa Alhaji Nagoda mahauci ya zo. Ya ce ranar Asabar 18 ga wata zai aurar da ɗansa, kuma ba zai fito tsakiyar fili ba sai Ɗantsoho, wato Baba, ya kaɗa masa takensa, kamar yadda yake yi shekara talatin da takwas. Baba kuwa kalangun da ke rataye a ƙusa kawai ya kalla. Bugu zai iya, amma da wane hannu zai matse tsarkiya a hammata?

Ni kuma bakina ya yi sauri, na ce akwai dabara. Kin tuna bara, kafin ciwon, na naɗi kiɗansa na awa uku saboda aikina na kammala jami'a. Na yanyanka shi gunduwa ɗari biyu da goma sha biyu, kowane bugu daban. Yanzu na sa Linux a tsohuwar kwamfutata, da wata manhaja ta kyauta wadda masu sa kai suka rubuta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Na aro allon kiɗa na roba mai gida takwas a unguwar Kongo. Idan Baba ya bugi gida, sai kwamfuta ta fitar da muryar kalangunsa. Hannu ɗaya ya isa.

Sai dai akwai jinkiri. Daga bugu zuwa fitar sauti milisakan arba'in da uku ne. Ni da ƙyar nake jin sa, amma Baba bugu biyu ya yi ya ajiye sanda, ya ce wannan abin sai ya yi shawara da wani kafin ya amsa. Saura kwana goma sha biyar. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Jafaru

Tudun Wada, Zariya
12 ga Mayu, 2024

Yaya Rahma,

Gaisuwa irin ta zumunci. Ya jikin Nana? Allah ya ƙara sauƙi. Mun ga zumar da kika aiko, Baba yana ta sa albarka.

Jinkirin ya sauko zuwa milisakan takwas. Ƙasa da haka sautin ƙara yake kamar ana soya ƙwai. Ranar Laraba Baba ya gwada, har ya yi murmushi, na farko tun watan Janairu. Sai ya shiga taken Alhaji Nagoda. Sau uku yana farawa yana tsayawa. Daga ƙarshe ya ce murya tasa ce, ba shakka, amma wani ya yanke mata harshe.

Yaya, ni ne. Lokacin da nake gyara naɗin, na lura kowane bugu yana da wata wutsiya, sautin sai ya lanƙwasa, ya hau ko ya gangara. Na ɗauka lahani ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na datse a kan milisakan ɗari uku, domin su fito tsaf. Malamina ma ya yaba tsabtar aikin. Ashe wannan lanƙwasar ita ce matsewar hammatarsa, a nan kalangu yake furta sunan mutum. Asalin naɗin kuwa na goge shi ranar 9 ga Nuwamba, saboda kwamfutar ta cika.

Kwana biyu ina neman dawo da shi. Hotunan 'yan ajinmu ɗari huɗu da goma sha bakwai suka dawo, kiɗan bai dawo ba. Na haɗa abin takawa a ƙarƙashin ƙafarsa ta dama domin ya lanƙwasa sautin, sai ya fito kamar kukan mage. Na tambaya a dandalin masu manhajar. Wani bawan Allah da ban sani ba ya amsa cikin ladabi cewa manhaja ba ta iya fitar da abin da babu shi a cikin naɗi.

Ban gaya wa Baba ba. Yana zaton na'urar ce ba ta jin Hausa. Idan bidiyon bikinki yana nan, don Allah ki turo.

Naki,
Jafaru

Tudun Wada, Zariya
20 ga Mayu, 2024

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa da kowa. Bidiyon ya iso, na gode, amma muryar sanƙira ta danne kiɗan daga farko har ƙarshe.

An yi bikin. Ta ɓangaren na'ura babu abin da ya lalace: batiri ya riƙe, jinkiri takwas, babu ƙara. Bayan la'asar muka zaunar da Baba a kujera, ya ɗauki sanda ya fara taken. Alhaji Nagoda yana zaune taku goma daga lasifika, yana hira da baƙinsa. Bai waiwayo ba. Sai da wani ya taɓa kafaɗarsa ya gaya masa ai da shi ake. Ya miƙe da sauri, ya ɗaga hannu, ya taka, yana cewa madalla. Kara ce ya yi mana, kuma Baba ya gani. Minti huɗu ya kaɗa, ya ce a kai shi gida.

Jiya na durƙusa na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ina zan san wutsiyar, tunda shi ne yake buge mini hannu duk ranar da na taɓa kalangu ina yaro, don kada a kira ni ɗan maroƙi a makaranta.

Sai ya sa na sauko da kalangun daga ƙusa, ya ce in sa a hammatata in zauna kusa da shi. Shi yana bugawa, ni ina matsewa. Yaya, ban san lokacin matsewa ba. Sai ya buga, sautin ya mutu, sannan hannuna ya tuna. Bayan minti goma hannunsa na dama ya gaji, muka tsaya. Ya ce shi sai da ya shekara bakwai a hannun Kaka kafin kalangunsa ya kira sunan mutum a waiwayo. Kin san abin da likita ya gaya mana a watan Maris, ba mu da shekara bakwai.

Na mayar da allon roba Kongo yau da safe. Gobe bayan hantsi za mu sake zama. Idan da hali ki zo cikin watan nan, kada ki jira Sallah.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Jafaru