Ya ce hukuncin Allah ne, yanzu nasa gidan ya rushe

Salama alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a rufe sunana, mu Kiristocin Daura ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Ku ba ni shawara don girman Allah kafin Lahadi, zuciyata tafasa take yi.

Bara da aka yi girgizar ƙasa a wata ƙasa can nesa, na san kun ga hotunan a waya, mu 'yan zumuntar mata na cocinmu muka ce za mu yi azumin kwana uku, mu kuma yi baiko na musamman, wato mu tara kuɗi a coci, a aika musu. Ranar sanarwa sai wani dattijon cocinmu, Baba muke ce masa, ya miƙe ya ce ba da yawunsa ba. Wai Allah ba ya kayar da gini a kan mai gaskiya, wai hukunci ne ya sauko musu, mu su wa da za mu tare bulalar Allah. Jama'a, ni mahaifiyata ɗaki ne ya faɗo mata ta rasu wata damina a ƙauyenmu wajen Mashi, matar da ko ɗan maƙwabci ba ta taɓa zagi ba, kuma Baba ya sani, don har gaisuwa ya je. Ban san sanda na miƙe ba, na ce to Baba uwata wane zunubi ta yi? Sai cewa ya yi ba ni da tarbiyya.

Kafin sati ya zagayo dattawa sun sa ni ƙarƙashin horo, wai na ci mutuncin babba a gaban jama'a. Wanda bai sani ba, horo a wurinmu shi ne a mayar da kai bencin baya. Wata uku ba ɗaura zanen zumunta, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci, duk mai shigowa sai ya kalle ni kamar wadda aka kama da kwarto. Maganar baikon ma daga nan ta bi ruwa. Wallahi na sha kuka.

To ruwan da aka tafka satin jiya ya kwashe katangar Baba da ɗaki biyu da rumbunsa. Maƙwabtansa Musulmi ne suka fara zuwa da shebur, ba wanda ya tsaya tambayar zunubinsa. Ba zan ɓoye muku ba, da labarin ya iso ni sai da na ji sanyi a raina. Yanzu Fasto ya ce kowane gida ya kawo mudun gero ranar Lahadi a taimaka wa Baba, kuma ni zumunta ta zaɓa in miƙa in yi jawabi. Maganar da Baba ya yi bara na haddace ta tsaf, so nake in tsaya a gaba in mayar masa da ita ɗaya bayan ɗaya, in ga inda zai sa fuskarsa. Maigidana ya ce in bar wa Allah, na ce ai Allah ya yi nasa, saura nawa.

Ga abin da ya tsaya mini a wuya. Shi Baba ko ƙwarzane bai samu ba, Mama matarsa ce azara ta karya wa ƙafa. Mama kuwa duk wata ukun nan baro kujerarta ta gaba take yi, ta zo ta zauna kusa da ni a bencin baya, ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa ce mini komai ba. Na ji an ce ko ɗaukarta ne za a yi sai ta zo ranar.

Don Allah kada ku ce mini kawai ki yafe, na ji wannan har na gaji. In na yi shiru ya ci bulus, uwata ta tafi da zagin. In kuma na buɗe baki na ce Allah ba ya kayar da gini a kan mai gaskiya, ga Mama zaune da ƙafa a ɗaure, ku gaya mini, a kan wa maganar za ta faɗa?