Hannuna Ne Ya Ƙara Miki Haske

Zuwa gare ki Kwallina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, baƙar ƙasa mai albarka wadda idan ruwan farko ya sauka a kanta duniya ke ɗaukar ƙamshi. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya san girman laifinsa tun kafin a karanta masa shi.

Yau kwana goma sha ɗaya rabonki da shago. Sau uku ina zuwa gidanku, sau uku Yayarki tana tare ni a bakin ƙofa tana cewa ba kya son ganin kowa. Sai jiya da la'asar ta yarda za ta miƙa miki takarda idan na rubuta. Abu ɗaya nake roƙo, ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga. Akwai maganar da na binne a cikina wata biyu cur, ni na binne ta, amma ke take ci.

Kin tuna ranar da Madam ta ɗauke ni aikin hoto a shagonta? Na shigo da riga koriya shar, wando ruwan ƙwai, takalmi ja, ina taku ɗai-ɗai kamar ni na ƙirƙiro ado. Kina tsaye kina jera gyale, allura biyu a bakinki. Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika zare alluran a hankali, kika ce, "Malam, wa ka yi wa laifi a gida da ya bar ka ka fito haka?" Shagon ya kaure da dariya, Dogo na ɓangaren maza har da riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma kafin a tashi aiki kin ciro min riga ruwan toka, kika ɗora min a kafaɗa, kika ce mai irin fatata ba ya buƙatar kaya masu ihu. Tun daga ranar ban ƙara buɗe akwatin kayana ba sai na tambayi kaina me za ki ce.

Ke ce idon shagon nan, kowa ya sani. Mace za ta shigo a ruɗe, ta ɗauki wannan ta ajiye wancan, ke kuwa kallo ɗaya za ki yi mata ki ce ga kalarta. Kina sayar da hoda da jagira da jambaki kala-kala, amma ke kanki ba kya shafa komai sai kwalli da ɗan man leɓe. Daga nan na samo sunan da nake kiranki. Na sha tsayawa bayan kyamara ina satar kallonki, ina mamakin yadda hasken taga ke kwanciya a kumatunki kamar ya zo gida. Ina mai irin wannan fata, mai sheƙi kamar tsakuwar kogi da ruwa ya daɗe yana wankewa? Ina mai irin wannan ido, wanda idan ya sauka a kan mutum sai ya gyara tsayuwarsa?

Sai kaka ta kama. Ganyen bishiyoyin titinmu ya fara rawaya yana zuba, safiya ta fara sanyi, Madam ta ce a fitar da zaɓin kayan bana na mata da na maza, a yi babban hoto a liƙa a gilashin gaba. Ke kika zaɓi komai. Kika ba Dogo kwat ruwan ƙasa da suwaita ruwan toka a ciki, da takalmi sau-ciki na fata, kika sa ya cire zobba uku daga cikin huɗun da yake yawo da su, yana ta ƙunƙuni wai kin raba shi da martabarsa. Na mata kuwa kika fitar da doguwar riga ruwan goro mai ɗan nauyi, gyale ruwan zuma, ƙaramar jaka, da jambaki ja mai duhu. Wadda aka ɗauko don ta sa kayan ba ta zo ba. Muka jira har rana ta ɗaga, Madam ta dube ki ta ce, "Ke sa mana, ai tsayinku ɗaya."

Da kika fito daga ɗakin gwada kaya, sai na ɗaga kyamara. Rigar nan ta ruwan goro a jikinki kamar garwashi a cikin duhun murhu, gyalen kamar zuma na gangarowa a kan itace. Kina jin kunya, kina ta tambaya ina za ki sa hannunki. Na ce ki dubi taga kawai. A duk shekarun da na yi ina ɗaukar hoto ban taɓa ɗaukar wanda ya kai na ranar ba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba.

Washegari Madam ta kira ni ofis, hoton yana kan kwamfuta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ya yi kyau, amma ƙara mata haske." Na ce, "Ranki ya daɗe, ai kalar kayan da fatarta aka zaɓa." Ta ce, "Mai Hoto, ni na san masu saye, kai ka san kyamara. Ƙara." Iyakar gardamar da na yi ke nan, jimla ɗaya tak. Na ja haske kaɗan. Ta ce ƙara. Na ƙara. Ta ce ƙara. Ina zaune, da wannan hannun da nake rubuta miki takarda, na yi ta wanke ki har kika koma kalar shayi da madara. Dogo da ke tsaye kusa da ke a hoton, wanda ya fi ki duhu nesa ba kusa ba, ba ta ce a taɓa shi ba. Wai namiji ba ruwansa.

Ranar da aka liƙa hoton, kika fita waje kika tsaya gabansa. Ina bayanki. Kika ƙare masa kallo, sannan kika juyo kika tambaye ni a hankali, "Haka nake fitowa a kyamara?" Na ce hasken taga ne, da kuma injin da ya buga. Na yi miki ƙarya ina kallon tsabar idonki. Kika gyaɗa kai, kika yarda, don ba ki taɓa kama ni da ƙarya ba.

Daga nan abin ya fara. Kayan suka yi kasuwa, rigar ruwan goro ta ƙare cikin mako guda, aka sake yin oda. Mata suna shigowa suna tambayarki, ke da kanki, ina yarinyar da ke cikin hoton. Wata ta ƙura miki ido ta ce, "Ƙanwarki ce ko? Kuna kama, sai dai ita Allah ya yi ta fara." Kika yi dariya kika naɗe mata kayanta. Na ji dariyar daga inda nake, na san ba taki ba ce.

Kada ki zaci ban lura ba. Na lura da komai, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Na ji lokacin da ƙamshinki ya canja, wani wari mai kaifi ya riƙa biyo bayan turarenki. Na ga bayan hannunki yana washewa, gaɓoɓin yatsunki suna ƙara baƙi. Na ga ranar da kika fara sa riga mai dogon hannu har wuyan hannu, kika ce sanyin kaka ne. Na ga ke da ba kya shafa hoda kin fara shafa ta sau uku kafin azahar. Na san man bilicin ne, yaro ma ya gani ya sani. Sau nawa na buɗe baki in yi magana? Amma idan na ce ki daina, za ki ce me ya sa, tunda a hoto haka kika fi kyau. Ni kuma sai na faɗi wanda ya yi hoton haka. Na zaɓi in rufa wa kaina asiri, na bar fatarki tana biyan bashin tsorona. Har yaba miki na yi sau ɗaya, da kika tambaye ni ko na ga canji. Allah ya yafe min wannan.

Ranar ƙarshe da kika zo, kina gwada wa wata mata jambaki a gaban madubi, gumi ya wanke hodar gefen fuskarki. Matar ta ja baya ta ce, "Subhanallahi, me ya same ki?" Kumatunki ya yi jawur kamar an ɗora masa dutsen guga, fatar ta fara saluɓewa. Kika rufe da gyale, kika ɗauki jakarki, kika fita ta ƙofar baya. Na bi ki har bakin titi ina kiranki, ba ki waiwayo ba. Da na juyo, sai ga waccan farar macen a gilashi tana kallon taga, sanye da rigarki, tana murmushi da bakinki.

Kwana tara na yi ina wucewa ta gabanta safe da yamma. Shekaranjiya da safe na kasa. Na ɗauko tsani daga sito, Dogo ya gan ni, ya zo ya riƙe min ƙafar tsanin. Na hau na fara ɓare hoton daga sama. Madam ta fito da gudu, masu saye suna biye da ita. Ta ce, "Mai Hoto, ka haukace ne? Sauko." Na ce sai na gama. Da na sauko, a gaban kowa na faɗi abin da muka yi a ofis, da abin da ya same ki. Ta ce, "To ni na shafa mata man?" Na ce, "A'a, ranki ya daɗe, ba ke kika shafa ba, ba ni na shafa ba. Amma ni da ke muka nuna mata hanyar." Ta ce ko in mayar da hoton kafin azahar, ko in ajiye mata kyamararta. Na shiga ofis na ajiye mata a kan tebur. Ba na faɗa miki wannan don ki yaba min. Abin da ya kamata in yi wata biyu da suka wuce ne, lokacin da zai yi amfani.

Jiya na faɗa wa Yaya duka, a tsaye a bakin ƙofa. Na zaci za ta mare ni, kuma da ta mara ba zan kare ba. Sai ta ce, "Ka san ta juya madubin ɗakinta yana kallon bango?" Ta ce ta tsinci wata sabuwar kwalba a ƙarƙashin matashinki, wadda ta fi ta farko ƙarfi, wai mai sayarwar ta ce miki ita ke goge ƙunar. Ta ce ta zubar, kika yi kuka, kuma ta ji ki a waya kina neman a kawo miki wata.

Kwallina, hasken raina, don girman Allah kada ki buɗe kwalbar nan idan ta iso. Farar macen hoton da kike bi ba ta taɓa numfashi ba. Ba ta da uwa ba ta da uba, ni na haɗa ta a kan kujera cikin minti goma. Za ki ƙone fuskar da mahaifiyarki ta shafa tana sa miki albarka saboda aikin minti goma na matsoraci? Ke da kike gaya wa kowace mace cewa ba kala ce ke zaɓar mutum ba, mutum ne ke zaɓar kalarsa, yaya aka yi kika yarda da ni fiye da idonki? Ki tsane ni idan kina so, na cancanta. Ki ce kada in ƙara taka layinku, zan bi umarni ko da zuciyata za ta bushe kamar ganyen da ke zuba a titi. Amma fushin ki sauke shi a kaina, ki ƙyale fatarki ta huta.

Ban san abin da zan gani ba ranar da za ki yaye gyalen. Yaya ta ce wataƙila tabon ya zauna. Na auna wannan a raina, ba sau ɗaya ba, kuma ga amsata a rubuce don ki riƙe ni da ita: ko ya tafi ko ya zauna, ke nake so, kuma ke zan nema har sai kin ce min a'a da bakinki. Na gaya wa Ummata komai, ban rage ba. Ta yi min faɗan da rabona da irinsa tun ina makaranta, sannan ta ce in gaishe ki, in ce miki tana nan tana yi miki addu'a.

Akwai likitar fata a asibitin da ke bayan tashar mota, mace ce, an ce tana da haƙuri da mutane. Na je na karɓar miki lokaci, ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Yaya ta ce za ta raka ki idan kin yarda. Ni zan kasance a kan bencin da ke waje tun kafin a buɗe ƙofa. Ba sai kin gaishe ni ba, ba sai kin dube ni ba. Idan kin ga dama ki ja gyalenki ki wuce ni kamar ba ki taɓa sanina ba, ba zan tashi ba, ba zan kira sunanki ba. Ki dai shiga.

Naki a yau, naki ranar Talata, naki duk ranar da ta biyo baya muddin ina numfashi,

Mai Hotonki